Allurar da Ban Yi wa Surukina Ba

Yaran da ake kawo mana koyon aiki yanzu, abu na farko da suke tambaya shi ne yaushe za a ba su sirinji. A ganinsu aikin rigakafi bai wuce a kama hannu, a soka, a ce na gaba ya matso ba. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya nuna mini a wayarsa wai akwai ƙasashen da ake bin makarantu kafin sanyi ya kama, ana yi wa malamai da masu shara da masu girki allurar mura. Yana ta dariya, wai mura ma sai an yi mata allura, kuma ga ƙattin malamai masu gemu. Ni ban taya shi dariyar ba. A zamaninmu ba mu da allurar mura, ta ƙyanda da ta sanƙarau da makamantansu muke yawo da su. Amma na san abin da ke faruwa idan aka yi wa ɗalibai aka tsallake malami, domin ni da kaina na tsallake wani, kuma bai sake koyarwa yadda ya saba ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda sana'ar take, har da inda na ɓata ta.

Na kama aiki ba da daɗewa ba bayan an yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato. Karatuna bai yi nisa ba, ɗan kwas kawai aka yi mana aka rarraba mu. Ni aka tura ni wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙasar Aliero, ƙarƙashin wani dattijo, Malam Ɗanjumma, siriri mai ƙarancin magana. Ranar farko ya dubi hannuwana ya ce, "Wanga hannu na mai sassabe na. Tahi kasuwa ka samo muna albasa." Na ɗauka miya za a yi. Da na kawo sai ya zube su a faranti, ya ba ni tsohon sirinji da ruwa, ya ce in yi ta soka su, in shigar da allurar ƙarƙashin ɓawon farko kawai, kada ta nutse. Na yi kwanaki ina wannan, idona na zubar da ruwa, masu jiran magani suna kallona suna ƙunshe dariya. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Albasa ba ta kuka, sai dai ta sa ka. Shi as sa nib ba ka ita kahin in ba ka ɗiyan mutane."

Firijin kananzir shi ne aikina na biyu, kuma shi ya fi komai cin rai. Ba mu da lantarki, da fitila yake aiki a ƙasansa. Kullum sai ka durƙusa ka leƙa harshen wutar. In shuɗi ne, lafiya. In ya koma ja yana hayaƙi, to lagwani ya yi kauri, sai ka ciro ka datse shi daidai da almakashi, ka goge bututun. Akwai ranar kasuwar Jega da na tafi yawona na bar shi ba kananzir. Da na dawo ƙanƙara ta zama ruwa. Na so in cika shi in kunna in yi shiru, amma Malam Ɗanjumma ya riga ni taɓa kwalaben rigakafin da ke ciki. Bai zage ni ba. Ya sa ni na kwashe su da hannuna na kai rami, sannan ya sa ni na tsaya bakin ƙofa ina ba matan da suka tako daga ƙauyuka da goyo haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, ƙahwata ka gani kyauta?" Har yau in na ga fitila tana hayaƙi sai na tuna ta.

Sirinji kuwa ba irin naku ba ne da ake yagewa daga leda a yar. Wanke su muke yi, mu jera a tukunyar tafasawa a kan risho, mu ciro da hantsaki, ba a taɓawa da yatsa. Kowace allura sai ka ja bakinta a kan auduga. In ta kama zare, bakin ya lanƙwashe, ba ta shiga jikin mutum. Maganin sanƙarau gari ne a kwalba, da ruwansa daban. In ka haɗa su, na ranar ne kawai, abin da ya rage da yamma zubarwa ake yi. Sai akwatin sanyi da ake jera ƙanƙara a ciki, a ɗaure shi bayan babur da roba, ka yi ta addu'a kada ka faɗi a yashi.

Mutanen da muke yi wa aiki kala-kala ne. Akwai wanda ko ciwon kai yake yi, in ka ba shi ƙwaya sai ya ga ka raina shi, allura yake so. Akwai mai tura yara bayan rumbu in ya ji ƙarar babur ɗinmu. Na taɓa yi wa wani mahauci a Jega, ƙato, wanda yake kayar da bijimi shi kaɗai. Yana ganin bakin allura ya sulale ƙasa. Abokan sana'arsa suka zagaye shi suna yi masa fifita da faifai, ɗaya yana cewa, "Ku kawo wuƙa mu yanka kahin shi zan mushe!" Da ya farfaɗo ya rantse wai yunwa ce. A lokacin ina da saurin hannu, kuma ina alfahari da shi. Ina yi wa uwaye tsawa in yaro ya motsa. Ban cika tsayawa in yi wa mutum bayani ba. Malam Ɗanjumma yakan ce mini hannu kowa na iya koya, baki ne aikin. Ina jinsa kawai.

Makaranta a lokacin ɗari wani wuri ne da sai wanda ya shiga zai gane. A ƙasarmu lokacin ne ake dashen albasa da ban ruwa. Yaro zai fita fadama da sanyin safiya ya shiga ruwa har gwiwa, ya fito ya zarce aji da jiƙaƙƙen wando. An toshe tagogi da buhu da zana saboda iska. Yara sun cunkushe a tabarma suna neman ɗumin juna, kowa na tari, kowa na jan majina, ga moɗa ɗaya a bakin randa. Kafin ka shiga harabar za ka ji tarin kamar ana sussukar gero. Malami kuma yana gaba, duk numfashin ajin a fuskarsa yake sauka, ga alli, ga ɗaga murya tun safe. Yaro in ya kwanta, wurin zamansa ne kawai ya zama fili. Malami in ya kwanta, a irin makarantun nan masu malamai uku ko huɗu, aji guda ne zai watse ya koma fadama, kuma ba duka ke dawowa ba.

Saboda haka Malam Ɗanjumma yana da ƙa'ida in mun je makaranta: da malamai ake farawa, kuma da babbansu, a gaban yara. In yara suka ga hedimasta ya naɗe hannun riga bai mutu ba, layi zai tafi lafiya. Kuma in ka bar manya sai ƙarshe, za ka nemi rabinsu ka rasa. Shi yake yi wa manya, ni in yi wa yara. Ya san yadda zai ce wa mai furfura, "Ranka shi daɗe, a ba mu hannu," ba tare da ya ji an ƙasƙanta shi ba.

Shekarar da sanƙarau ya yi mana ɓarna, ya shigo ne a ƙarshen sanyi, bayan mura da tari sun gama raunana mutane. Da farko kowa ya ɗauka murar ce ta yi tsanani. Sai aka fara kawo yara wuya a sandare. Aka aiko da magani da yawa, aka ce a bi makarantu da kasuwanni, ma'aikata kuma ba su isa ba, sai aka haɗa mu da na Jega da na Maiyama aka rarraba kowa shi kaɗai. Malam Ɗanjumma ya nufi wajen Kashin Zama. Ni aka ba ni wata makarantar firamare a wani ƙauye kan hanyar Maiyama. Da na ji sunan garin na san wanda zan tarar a can.

Hedimastan makarantar surukina ne. Ƙanen mahaifin matata ne, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta. Ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Baba nake ce masa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na je gaisuwa, daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, shi ma ya kau da fuska ya amsa, in tashi in tafi. Haka aka rene mu, kuma ban ce abu ne mara kyau ba. Baba ne ya kafa makarantar da bakinsa, gida-gida ya bi yana roƙon a ba shi yara, har da 'yan mata. Manoman garin ba don boko suke sakin 'ya'yansu daga fadama ba, don shi suke yi.

Malam Ɗanjumma bai san wannan dangantaka ba. Yana ɗaure akwatinsa ya ce mini, "Ka san ƙa'ida. Hwara da malammai." Na ce to. A nan ya kamata in ce mu yi musaya. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ina jin kunyar a ce ga ma'aikacin gwamnati yana gudun suruki, kuma ina so a ga na isa a tura ni ni kaɗai.

Na isa da hantsi. Baba ya riga ya fito da tebur ƙarƙashin bishiyar bedi, ya sa an kawo ruwan wanke hannu, ya jera yara aji-aji. Na sauka daga babur tun daga nesa na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Likita, an iso lahiya? Ga su nan, naka na." Haka mutanen ƙauye suke kiran duk mai farar riga. Na kunna risho, na haɗa magani. Da lokacin farawa ya yi, sai na ga ba yadda zan iya ɗaga ido in ce wa wannan mutum ya tuɓe babbar riga ya ba ni damtsensa, in kama fatarsa da yatsuna, a gaban ɗalibansa. Sai na ce a kawo 'yan aji ɗaya, wai don kada su gaji da tsayuwa.

Shi ya riƙa riƙe mini su. Ya zauna a benci kusa da tebur, ya sa yaro tsakanin gwiwoyinsa, ya naɗe masa hannu, yana lallashi. "Dubi can, dubi akuyar Nomau ta hau katanga. To, an gama. Mi kaj ji? Babu komi." Masu tari suna yi masa a ƙirji, masu kuka suna shafa masa majina a riga. Tun hantsi har bayan azahar hannunsa yana kusa da nawa, ba nisan da ya kai taki ɗaya.

Da yara suka ƙare sai ya kira malamansa. Biyu suka zo suka karɓa. Na ukun, wani matashi mai barkwanci da ake kira Malam Cika, aka neme shi aka rasa. Yara suka ce sun ga ya shiga bayan gida tun ɗazu. Baba ya tafi da kansa ya tsaya daga waje ya ce, "Cika, in zawo na, Likita na da maganinai. In tsoro na, hito ɗiyanka na kallo." Ya fito yana gyara hula yana cewa, "Wallahi Hedimasta ni ba tsoro ni kai ba, jinina na ba ya son ƙarhe." Yara suka kwashe da dariya. Aka riƙe shi na yi masa, yana salati da ƙarfi kamar an zo zare ransa.

Saura mutum ɗaya. Akwai magani a kwalba, na gani da idona, ya isa har ya yi saura. Baba ya tsaya yana kakkaɓe rigarsa. Ni kuma na duƙufa ina wanke sirinjin da na riga na wanke. Na ce a raina, in ya yi magana zan yi. Bai yi ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Allah shi yi albarka. A gai da gida." Na ce, "Amin, Baba." Na zagaya bayan aji na zubar da sauran maganin, na ɗaure akwati na hau babur.

A hanya na shirya cewa zan roƙi Malam Ɗanjumma ya biya ta garin ya yi masa. Da na iso ya tambaye ni, "An yi ma kowa?" Na ji bakina ya ce, "An yi." Daga nan kuma faɗin gaskiya ya zama sai na fara da cewa na yi ƙarya. Na ce gobe. Gobe aka tura mu wata kasuwa, jibi wata makaranta, aiki ya yi mana yawa har ba ma cin abinci zaune. Ban manta ba, kada in yi muku wata ƙaryar. Kullum ina tunawa, kullum ina ɗagawa.

Ana cikin cirar albasa aka aiko gidana cewa Baba ba shi da lafiya. Ya fara da ciwon kai da zazzaɓi, aka ce murar da ya saba kwasowa daga yara ce. Aka dafa masa citta da kanumfari, aka yanka albasa aka ajiye masa kusa da kai, aka lulluɓe shi. Sai da ya kasa sunkuyar da kai a sujada sannan hankalin mutane ya tashi. A bayan motar albasa aka kwantar da shi aka kai asibiti a Jega. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma Allah Ya yi da sauran kwanansa. Ya tashi. Amma ranar da ya farfaɗo, matarsa tana yi masa sannu yana kallon bakinta, sai ya ce da ƙarfi, "Mi as sa kowa ka magana ba murya?" Kunnuwan duka biyu sun tafi.

Ba zan ce da na yi masa allurar lalle da bai kamu ba. Allah ne masani, kuma abin da Ya rubuta ba ya kankaruwa. Abin da na sani shi ne, malaman nan uku da na yi wa ba wanda ya kwanta, har da mai ɓuya a bayan gida.

A bakin asibitin na gaya wa Malam Ɗanjumma gaskiya. Ya ce, "Da ka hwaɗa min da sahe, da mun yi musaya. Da ka hwaɗa min da marece, da na hau babur. Man babur nawa na?" Bai ƙara ba, bai kuma kai ni gaba ba. Amma daga ranar, duk garin da za mu shiga sai ya tsayar da mu ya tambaya, "Wa ad da suruki nan? Wa ad da malamin da yak karantar da shi? Wa ad da wanda ba ya iya kallo ga ido?" Sababbin ma'aikata suna dariya. Ni ma da na zama babba haka nake tambaya, kuma ana yi mini dariyar.

Baba ya koma makaranta, ya gwada. Malam Cika ya ba ni labari, kuma wannan karon ba barkwanci a bakinsa. Ya ce Baba zai sa yaro karatu ya tsura wa leɓɓansa ido, yaron ya karanta daidai ko ya yi shirme, duk ɗaya. In ya juya yana rubutu a allo, aji ya kaure da surutu bai sani ba. Wata rana ya juyo ya tarar rabin ajin sun fice ta taga. Bai daki kowa ba. Ya ajiye alli a kan tebur ya tafi gida, daga baya ya nemi a sallame shi. An turo wani hedimasta, mutumin kirki, amma baƙo ne, ba wanda zai bar ban ruwa saboda shi. Da sanyi ya zagayo, 'yan matan ne suka fara ɗaukewa, sannan manyan yara maza. Wasu daga cikinsu ina haɗuwa da su yanzu a tashar Aliero suna dakon buhu, suna gaishe ni da Likita, suna nuna mini damtsen da na soka.

Ku da kuke shigowa yanzu, an sauƙaƙa muku kayan aiki, kuma ina taya ku murna. Amma ba a ƙera sirinjin da zai buɗe muku baki ba. Za ku tarar da wanda ya girme ku, da wanda ya ciyar da ku, da wanda kuke jin nauyinsa. In ba za ku iya ba, ku faɗa tun kafin a ɗaure akwati.

Na daɗe ban je gaishe shi ba bayan ya bar aiki, sai dai in aika matata. Da na ga abin zai zama yanke zumunci sai na shirya na tafi. Na same shi da rana a ƙofar gida, an zube masa albasa yana ware masu taushi daga masu kyau. Na cire takalmi daga nesa na durƙusa na yi sallama kamar yadda na saba. Bai san na zo ba. Na sake, na ɗaga murya, yana ta aikinsa. Dole na matsa har gabansa, na sa hannu na taɓa gwiwarsa. Ya ɗago. Na fara gaisuwa kaina a ƙasa, sai ya kama haɓata ya ɗaga, ya ce da muryar nan tasa da ta koma mai ƙarfi, har maƙwabta suna ji, "Ashe haka huskarka take! Na ba ka ɗiya shekara da shekaru ban taɓa ganin ta ba." Ya yi dariya.

Ya nuna mini tabarma na zauna kusa da shi. Ya ci gaba da ware albasa. Can ya ce, ba tare da na tambaya ba, "Ran nan na so in ce ka yi min. Nig ga kana ta wankin ƙarahunanka, nic ce kar in ba yaro kunya."

Na buɗe baki in nemi gafara. Na faɗa har ƙarshe, amma ashe kaina ya koma ƙasa da kansa tun kalmar farko. Ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗaga kai, ɗana. In kana duƙe ba ni jin ka."

Na ɗaga kai na sake faɗa daga farko, yana kallon bakina.